Mesa a bayan gida

Birisban babban gari ne a gabashin ƙasar Ostiraliya. Mutanensa sun fi miliyan 2. A unguwannin gefen gari, gidaje da yawa suna da garka da itatuwa. A nan ne wata irin mesa take zaune tare da mutane. Ana ce mata mesa mai darduma, don zanen fatarta ya yi kama da na darduma. Tsawonta yakan kai metir 2 zuwa 3.

Abinci ne yake kawo ta cikin gari. Inda mutane suke ajiye hatsi ko zuba shara, kusu ba ya rasuwa. Da rana takan kwanta a kan itace ko ƙarƙashin rufin ɗaki. Da dare sai ta fito farauta. Tana da ƴan ramuka a leɓenta masu jin ɗumin jikin dabba, ko cikin duhu. Ba ta da dafi. In ta cafke kusu, sai ta naɗe shi, ta matse har ya mutu, ta haɗiye shi ɗungum. Saboda haka wasu masu gida ba sa korar ta.

Amma mesa ba ta bambanta kusu da ɗan tsako. In ta sami ƙofa, sai ta shiga akurki ta ci kaza. In kuma aka taɓa ta, takan yi cizo mai ciwo, don haƙoranta masu kaifi ne, sun lanƙwasa baya. Ta fi faɗa lokacin da take kwanci. Takan kewaye ƙwayayenta wajen wata 2, tana karkarwa don ta ɗumama su.

To, yaya ake zama da ita? Mutane suna kewaye akurki da waya mai ƙananan idanu. Suna rufe kaji kafin magariba. Suna kwashe shara da tarin itace daga jikin ɗaki. Wata doka ta 1992 ta jiharsu, Kwinsiland, tana kare macizai. Wanda mesa ta dama sai ya kira mai kamun maciji, wanda gwamnati ta ba izini. Shi ne zai sa ta cikin buhu, ya kai ta daji.

A kudancin Nijar ma akwai mesa, musamman a bakin kogi da cikin gandun dajin W. Tamu ta fi tasu girma. Muna kuma da kububuwa da kasa da gamsheƙa, masu mugun dafi. Yara, in kun ga maciji, kowane iri ne, kada ku taɓa shi, kada ku jefe shi. Ku ja da baya, ku kira babba. In ya sari wani, a kai shi asibiti nan da nan.

Ma'anar kalmomi

Garka: wurin da ake shuka kayan miya ana ban ruwa.
Ɗungum: gaba ɗaya.

Tambayoyi

1. Me yake kawo mesa cikin gari?
2. Yaya take gane kusu cikin duhu?
3. Faɗi abu 2 da ake yi don tsare kaji.

Aiki

Ku nemo Ostiraliya a kan taswira. Ku auna igiya ta metir 3, ku shimfiɗa ta cikin aji.