Darasin kiwon lafiya: motsa jiki ga iyaye masu yawan aiki

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na yau a kan motsa jiki ne. Iyaye da yawa suna cewa: "Ina muka ga lokaci? Tun asuba muke fita neman abinci, sai dare muke komowa a gajiye." Gaskiya ne aiki ya yi yawa. Amma gajiya daban, motsa jiki daban. Tela yakan yini bisa kujera. Haka direba, da mai shago a kasuwar Maraɗi, da ma'aikacin biro a Yamai. Dukansu suna gajiya, alhali jikinsu bai motsa ba.

Mi ya canza?

A da, mata suna daka, suna ɗebo ruwa a rijiya mai nisa. Maza suna zuwa gona da kasuwa a ƙasa. Yau a birane ga injin niƙa, ga famfo, ga kabu-kabu ko'ina. Wahala ta ragu, mun gode Allah. Sai dai jikin da ba ya motsi yana tara kitse. Ta nan ne hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari da ciwon zuciya suke samun ƙofa. Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama, sai ranar da ya kada mutum, ɓarin jikinsa ya shanye. In uwa ko uba ya kwanta, wa zai riƙe yara?

Minti nawa ake bukata?

A shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mu yi lissafi: minti 30 sau kwana 5 ya ba da 150. Ba dole ba ne a yi minti 30 ɗin gaba ɗaya. Ana iya yin 10 da safe, 10 da marece, 10 da dare. Tafiya da sauri ta isa. Alamarta ita ce numfashi ya ƙaru, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa.

Ina za a samo lokacin?

Lokacin yana cikin ayyukan da muke yi kullum.

1. Bayan sallar asuba, ka zagaya unguwa minti 10 kafin ka shiga gida.
2. In lakwal ba ta da nisa, ku raka yara a ƙasa. A hanya kuna jin abin da ke damunsu.
3. Ka sauka daga kabu-kabu tun ba ka isa wurin aiki ba, ka ƙarasa a ƙasa.
4. In aikinka na zama ne, ka miƙe kowace awa, ka ɗan taka.
5. Uwargida, shara da daka da wanki duk motsa jiki ne. In ba ki fita, ki zagaya tsakar gida da sauri. Maigida ya riƙe mata yaro na minti 10, lafiyarta ta gidan duka ce.
6. Da marece ku yi wasa da yara, ƙwallo ko tsere. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 kowace rana.

Ɗan uwa manomi, da damina shuka da noma sun wadatar da kai. Amma in an gama girbi, kada ka share rani kana zaune gindin itace wajen shayi. Aikin lambu da ban ruwa suna ƙarfafa jiki, suna kuma kawo kayan miya.

A yi hattara

A watan huɗu da na biyar zafi yakan wuce digiri 40. Sai a zaɓi safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai. Da azumi, a bari sai bayan shan ruwa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 5, ya riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa. In ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, ka tsaya nan take ka je asibiti. Mai ciki ta tambayi unguwarzoma ranar awo. Kowane babba ya je a auna masa jini. In awon ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce har sau biyu, a bi maganar likita. Motsa jiki ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Tambayoyi

1. Minti nawa babban mutum yake bukata a mako?
2. Uwa tana raka ɗanta lakwal, minti 10 zuwa, minti 10 komowa. Minti nawa ta yi cikin kwana 5? Nawa suka rage mata ta cika 150?
3. Ka rubuta a littafinka lokaci uku da za ka yi tafiya gobe, ka karanta wa ƴan ajinku.