Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske ne itatuwa suna magana da juna?

Tambaya: Ɗalibaina sun ga wani bidiyo a waya da ke cewa itatuwa suna hira ta ƙarƙashin ƙasa, har ma uwa tana ciyar da 'ya'yanta. Sun tambaye ni, na rasa ta cewa. Gaskiya ne ko shaci-faɗi? Daga wani malamin firamare a Funtuwa.

Amsa: Allah ya saka da alheri da ba ka amsa musu da ka ba. Maganar kashi biyu ce. Ɗaya ta tabbata, ɗaya kuma har yanzu masana na ja-in-ja a kanta, kuma ita ce ta fi yawo a waya.

Wadda ta tabbata ita ce ta iska. A 1983 wasu masana biyu a Amurka, Ian Baldwin da Jack Schultz, sun sa ƙananan itatuwa a rufaffen wuri, suka yayyaga ganyen wasu. Cikin 'yan kwanaki sai waɗanda ba a taɓa ba suka ƙara sinadarai masu bauri a ganyensu, alhali saiwoyinsu ba su haɗu ba, iska kawai suka yi tarayya. Ɗaya daga cikin sinadaran ka san shi: tanin ne, wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma yana hana abinci narkewa a cikin tsutsa. Da farko an yi wa binciken ca, amma gwaje-gwajen baya a kan tsirrai iri-iri sun tabbatar da abin. Masara ma idan tsutsa ta kama ta takan saki ƙamshin da ke janyo ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsar.

To amma gargaɗi ne da niyya? Ni ban gamsu ba. Idan ka ji ƙaurin hayaƙi daga gidan maƙwabci ka tanadi ruwa, ai ba aiko maka ya yi ba. Masana da dama na ganin itacen da aka ji wa rauni sauran rassansa yake sanar wa, na kusa da shi kuma ya tsinci dami a kala.

Ta ƙarƙashin ƙasa kuwa, gaskiya ne akwai zaruruwan funfuna, dangin naman kaza, da ke manne wa saiwa. Suna samo wa itace ruwa da fosforas, shi kuma ya biya su da sukari. A 1997 Suzanne Simard ta Kanada ta wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin kabon ya wuce daga wani irin itace zuwa wani a dajin yammacin ƙasar. Daga nan labari ya yi fiffike. Fim ɗin Avatar na 2009 ya nuna duniyar da itatuwanta ke haɗe da juna, sannan littafin wani ma'aikacin gandun daji na Jamus, Peter Wohlleben, ya fito a 2015 yana ba itatuwa abota da tausayi. Sai a 2023 Justine Karst da abokan aikinta biyu suka bi binciken da aka yi a dazuzzuka ɗaya bayan ɗaya, suka ce babu hujjar da ta isa a ce babban itace yana zaɓar 'ya'yansa ya ciyar da su ta wannan hanya.

Misalin da ya fi ƙarfi ma yana gonakinmu, ko da yake ba na itace ba ne. Saiwar dawa da gero tana sakin wani sinadari don kiran funfunar nan, kuma takan ƙara shi idan ƙasa ta rasa fosforas. Irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yakan yi shekaru kwance a ƙasa, sai ya ji wannan kira ya tsiro ya manne wa saiwar. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya fi addabar gonar da ta gaji.

Mu kanmu ba baƙi ba ne a wannan tunani. Mun taso da tsoron gindin tsamiya da kuka da tsakar rana, sai dai a labaranmu mazauna itacen ake jin tsoro, ba itacen ba. Kukan kututturen dabino da ya zo a hadisi kuwa mu'ujiza ce, babinta daban, kada a cakuɗa ta da gwajin masana.

Ka gaya wa yaran cewa tsirrai suna sakin sinadarai, na kusa da su suna ji su shirya, wannan kimiyya ce. Batun uwa mai ciyar da 'ya'ya bai tabbata ba tukuna. Idan damina ta yi nisa ka kai su gonar dawa, ku tono ƙuduji ɗaya a hankali, su ga inda ya kama saiwa da idonsu.