Kafin Ka Saya wa Yaro Kififiya

Cikin 'yan shekarun nan kiwon kififiya, wato kunkurun ruwa, ya fara shiga gidajen birni. Wasu wajen masu sayar da kifin ado suke sayo 'yar koriya mai jan zane a gefen kai, wasu kuma yara ne ke kamo ta a kududdufi da damina su yi ta magiya a bar musu. Ni likitan dabbobi ne, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini ba wata annoba ce ta kwantar da su ba, wurin zama ne da abinci. An saka ta a 'yar roba da ruwa iya yatsa, an ajiye a lungun falo, ana jefa mata burodi da shinkafa. Kififiya ba ta kuka, ba ta nishi. Sai ta yi watanni tana lalacewa a hankali, mai gida bai ankara ba sai ranar da ido ya kumbura ya rufe, ko ƙoƙon bayanta ya yi laushi yana lotsawa idan an danna.

Fara da sanin wace ce a hannunka. Mai jan zanen nan, wadda ake kira mai jan kunne, asalinta kwarin kogin Misisifi ne a Amurka. Ana sayar da ita tana kamar murfin kwalba, amma macen takan kai santimita 25 zuwa 30, kuma idan ta samu kulawa tana iya yin shekara 20 zuwa 30. Yaron da aka saya wa yana aji uku zai yi aure tana nan da ranta. Namu na gida, waɗanda ke lanƙwasa wuya gefe su ɓoye kai maimakon su ja shi ciki, sun fi son nama, kuma a daji cusa kansu suke yi cikin laka idan ruwa ya ƙafe har damina ta dawo. A duba ƙafa kuma. Ta ruwa tana da fata tsakanin yatsu, bayanta a shafe yake. Kunkurun tudu mai dunƙulalliyar ƙafa da tudun baya bai iya iyo ba, idan aka jefa shi ruwa mai zurfi nutsewa zai yi.

Ruwa shi ne ɗakinta, shi ne wurin cin abincinta, shi ne bayan gidanta. Lissafin da masu kiwo suke bi shi ne kimanin lita 40 ga kowane santimita 2.5 na tsawon bayanta. Ke nan babbar mace tana neman wajen lita 400, jarkar mai ruwa 16. Na san da yawa za su ce abin ya yi yawa, to shi ya sa nake faɗa tun kafin a saya. Ba dole sai tankin gilashi mai tsada ba. Babbar robar kiwon kifi ko tankin ruwa da aka yanke samansa ya wadatar, matuƙar gefensa ya yi tsawon da ba za ta haura ba, don sun iya hawa fiye da yadda ake zato. Zurfin ruwan ya kai aƙalla tsawon bayanta sau ɗaya da rabi, domin idan ta kife ta iya juyowa. Kada a zuba ƙananan tsakuwa a ƙasa. Tana haɗiye su su toshe hanji. A bar ƙasan haka nan, ko a sa duwatsun da suka fi kanta girma.

Kififiya ta fi kifi ɓata ruwa nesa ba kusa ba, don haka filtar da za a saya ta zama wadda aka yi wa ruwa ninki biyu ko uku na wanda ke tankin. Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu a zuba sabo. Inda wuta ba ta tsayawa, filta ba za ta yi aikinta ba, sai a yawaita canjin, a kuma riƙa ba ta abinci a wata roba daban a mayar da ita bayan ta gama. Ruwan famfo mai warin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Duk da sunanta na dabbar ruwa, dole ta samu inda za ta fito ta bushe tas, har ƙasan cikinta. Katako ko faffaɗan dutse mai gangara, da fitila a samansa da za ta ɗumama wurin zuwa digiri 32 zuwa 35. Wadda ba ta bushewa ita ce ƙoƙonta ke ruɓewa, ka ga fararen tabo masu laushi da wari.

A nan ne nake so a tsaya a saurara, domin nan aka fi yin asara. Jikin kififiya ba ya iya amfani da sinadarin kalsiyam da ke cikin abinci sai da bitamin D3, shi kuma fatarta ce ke haɗa shi idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Wannan hasken ba ya ratsa gilashi. Mutum zai ce mini, "Likita, ai kusa da taga take, kullum rana na haska ta." Haske ya shigo, zafi ya shigo, amma abin da ake nema ya tsaya a waje. Ƙwan lantarki na ɗaki ma ba ya bayar da shi. Idan aka daɗe haka, jiki sai ya koma zarar kalsiyam daga ƙashi. Baya ya yi laushi ya karkace, muƙamuƙi ya kasa cizo, ƙafafun baya su mutu. Ana iya tsayar da cutar, amma ƙoƙon da ya riga ya karkace ba ya miƙewa.

A Turai fitilar UVB ta musamman ake saye, a kunna awa 10 zuwa 12 a rana ba tare da gilashi a tsakani ba, a kuma canja ƙwan duk wata 6 zuwa 12 ko da yana ci, domin ƙarfinsa na raguwa ido bai gani ba. Wanda ya samu ta ya yi amfani da ita. Mu kuwa Allah ya hore mana rana kyauta, abin takaici ne a ce dabba ta nakasa a ƙasar nan saboda rashinta. Shawarata ita ce a fitar da ita hantsi a faffaɗar roba, rabin awa zuwa awa guda, sau uku ko fiye a mako. Rabin robar ya kasance cikin inuwa, kuma wani ya zauna kusa. Ɗan ruwa a ƙaramin mazubi cikin ranar Afrilu yana yin zafin da zai kashe ta cikin ɗan lokaci, ga kuma shaho da kyanwa.

Sanyi shi ne ɗaya gefen. Jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, na muhalli take ara. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28, kuma ma'aunin zafi ne zai gaya maka, ba taɓawa da hannu ba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ko a falon da ake kwana da na'urar sanyaya ɗaki, ruwa kan yi sanyin da za ta daina ci, garkuwar jikinta ta faɗi. Hita mai kariya tana magance wannan, in babu wuta a matsar da ita ɗaki mai ɗumi. Duk wadda ka ga tana iyo a karkace, ko ta kasa nutsewa, kumfa na fita ta hanci, tana buɗe baki tana jan numfashi, ciwon huhu ne. A kai ta asibiti a ranar.

Sai abinci. Burodi, tuwo, shinkafa, biskit da madara duk ba nata ba ne, ko da tana karɓa. Haka tsokar nama zalla ko busasshen jatan lande kullum. Suna cika ciki, amma babu isasshen kalsiyam da bitamin A, kuma rashin bitamin A na cikin abin da ke kumbura ido da kawo ƙurji a kunne. Tushen abincin ya zama ƙwayoyin da aka haɗa musamman don kunkurun ruwa. Abincin tarwada zai iya riƙe ta na ɗan lokaci, sai dai an haɗa shi ne don kifi ya yi saurin ƙiba, bai dace ya zama shi kaɗai ba. A haɗa da tana, gyare, fara daga inda ba a yi feshi ba, da ƙananan kifi ɗungurungum da ƙayarsu, domin a ƙashin kalsiyam yake. Ganye kuwa: latas mai duhun kore, zogale, kainuwa da aka wanke sosai, da gurzajjen karas ko kabewa jefi-jefi. Alayyafo a taƙaita, yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka niƙa ana iya barbaɗa shi a abinci. Dodon koɗin kududdufi kada a kawo shi gida, shi ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya.

'Yar ƙarama tana ci kullum, kuma nama ya fi yawa. Babba sau biyu ko uku a mako, ganye ya rinjaya idan mai jan kunne ce. Adadin ƙwayoyin kada ya wuce girman kanta. Za ta yi ta fantsama ruwa tana roƙo duk sanda ta hango mutum, ba yunwa ba ce, sabo ne. A cikin ruwa ake ba ta, don ba ta iya haɗiya a tudu.

Mace tana yin ƙwai ko babu namiji. In ta daina ci, tana ta fafutukar fita tana tono da ƙafar baya, a ba ta akwati mai jiƙaƙƙiyar ƙasa da yashi. In ta rasa wurin, ƙwan na iya maƙalewa, wani lokaci sai da tiyata.

Akwai abin da nake roƙon 'yan uwa masu sayar da maganin dabbobi su riƙe. Allurar ibamektin da muke yi wa shanu da awaki saboda tsutsa da kaska guba ce ga kowane irin kunkuru. Tana shanye jikinsa, sau da yawa ta kashe shi. Haka huda gefen ƙoƙo don a ɗaura igiya, ko shafa masa fenti. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, haƙarƙari da ƙashin bayanta a manne suke da shi. Tana jin zafin.

Lafiyar mutanen gida ma tana ciki. Kififiya mai ƙoshin lafiya tana iya ɗauke da ƙwayar Salmonela a jikinta da ruwanta, mai haddasa gudawa da zazzaɓi. Saboda yawan yaran da suka kamu ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da waɗanda bayansu bai kai inci 4 ba, kimanin santimita 10, tun 1975, domin irin su ne yara ke kaiwa baki. Girman da aka hana can shi ake sayar mana a nan. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, kada a wanke kayanta inda ake wanke-wanke, ruwanta a zubar a masai. Gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai juna biyu, ko tsoho mai rauni, ni dai ba na ba su shawarar ajiye ta.

Wanda ya gaji da mai jan kunne kada ya kai ta dam ko kogi da sunan 'yanta ta. Tana cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna idan suka shiga muhallin da ba nasu ba, tana ƙwace wa na gida abinci da wurin shan rana, har Tarayyar Turai ta hana shigo da ita tun 1997. A nema mata wanda zai iya. Ta kududdufi kuma da yara suka kamo jiya ko yau, a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Iyaye, don Allah kafin ku biya kuɗin ku duba ko kuna da wurin, da ruwan, da wanda zai riƙa fitar da ita rana shekara da shekaru. In babu, ku ba yaron haƙuri. Wanda kuma take gidansa yanzu, yau ya danna bayanta da yatsa, ya duba idonta. In ya ji laushi ko ya ga kumburi, ya kai ta wurin likitan dabbobi, kada ya jira.