Yadda Ake Lissafa Nauyin Tutiyar da ke Jikin Kwanon Rufi

Kwanon rufi farantin baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya domin kare shi daga tsatsa. Tun a shekarar 1837 wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ya yi rajistar wannan fasaha. Tutiya ta fi ƙarfe saurin haɗuwa da iska da laima, saboda haka ita ce ke fara cinyewa, ƙarfen kuwa ya zauna lafiya. Idan tutiyar ta ƙare, sai tsatsa ta kama kwanon, daga nan sai yoyo. Ke nan tsawon ran rufi ya dogara ne ga yawan tutiyar da aka shafa masa.

To, ta yaya za a san nauyin shafin da ba ya ɓaruwa balle a ɗora shi a kan sikeli? A nan ne densiti ke da amfani. Densiti shi ne nauyin santimita kubik ɗaya na abu. Na tutiya giram 7.14 ne, na zinariya kuwa giram 19.3.

Matakan lissafin biyu ne. Da farko a ninka faɗin fuskar da kaurin shafin, a sami girmansa. Sannan a ninka girman da densiti, a sami nauyi.

A ɗauki misalin kwano mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, wanda kaurin tutiyarsa maikuron 20 ne. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wajibi ne a mayar da komai zuwa santimita tukuna, domin a nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Fuskar kwanon santimita murabba'i 10,000 ce, kaurin kuma santimita 0.002.

Girma: 10,000 × 0.002 = santimita kubik 20.
Nauyi: 20 × 7.14 = giram 142.8.

Da yake kwano fuska biyu gare shi, jimlar tutiyar ta zama giram 285.6.

Ana iya juya lissafin a ɗakin gwaje-gwaje. A yanko gutsuren kwano mai santimita 5 a kowane gefe, a auna shi, a tsoma shi cikin ruwan asid na haidurokulorik marar ƙarfi har kumfa ta lafa, a wanke, a busar, a sake aunawa. Idan ya ragu da giram 0.36, girman tutiyar 0.36 ÷ 7.14 ne, wato kusan 0.05. A raba wannan da 50, faɗin fuskokin biyu, a sami santimita 0.001, wato maikuron 10. Irin wannan kwano rabin kariyar na farko kawai yake da ita, alhali a kasuwa ido ba zai bambance su ba. Kumfar nan iskar haidurojin ce mai kama wuta, don haka sai da kulawar malami, kuma nesa da wuta.

Aikin gida: munduwa mai fuskar santimita murabba'i 20 an yi mata ruwan zinariya mai kaurin maikuron 1. Giram nawa ne na zinariya a jikinta?