Cefane ta Waya: Ribarsa da Illarsa

Tun kullen korona na 2020 magidanta da yawa a Abuja da Legas suka saba da cefane ta waya. Yau manhajoji irin su Chowdeck da Glovo na kawo kaya har ƙofar gida, uwargida ta huta da cunkoso da zafin rana.

Sai dai babu tayi, ga kuɗin ɗan aike, kuma mai saye bai taɓa tumatirin ba, balle ya shinshina kifin.

Don haka gara a yi odar kayan da ke rufe: shinkafa, man gyaɗa, madarar gwangwani. Nama da kayan miya kuwa a je kasuwa. Kaya na isowa, a duba ranar ƙarewar wa'adinsu kafin ɗan aike ya juya.