Haɗa Kwamfuta da Na'urar DAC a Gida

Wanda ya sayi DAC a Tambuwal ko Kebbe, wato na'urar da ke mayar da lambobin kwamfuta su zama sauti, ya haɗa ta da kwamfutar ta igiyar USB. Kada ya bi ta ramin iyafis, domin sautin da ke fitowa can kwamfutar ta riga ta sarrafa shi da kanta. Waya ko ƙaramar na'urar kiɗa kuwa igiyar OTG take buƙata. Wani zai ce waƙoƙin Narambaɗa da ake turowa ta WhatsApp a matse suke, na'ura ba ta dawo da abin da aka yanke. Gaskiya ne, amma tana raba sautin da hayaniyar cikin kwamfuta. In janareta ya kawo ƙugi, a cire cajar kwamfutar a saurara da batir.