Yadda ake gyara siririyar tsaga a daɓen siminti

Kankare yana motsewa ne yayin da yake bushewa, shi ya sa da wuya ka ga daɓen da bai ɗan tsage ba. Abin ya fi yawa da hunturu, lokacin da iska ke shanye ruwan saman daɓe tun siminti bai kama ba, balle idan birkila ya cika wa kwaɓi ruwa don ya yi masa daɗin shafawa. Tsagar da ba ta kai milimita 0.3 ba yawanci muni kawai take jawowa, ba ta taɓa ƙarfin daɓen.

Kada ka yi gaggawar toshewa. Fara gano ko tsagar ta tsaya ko tafiya take yi. Ja layi da fensir a ƙarshenta biyu, ka rubuta kwanan wata, ka bar ta wata ɗaya ko biyu. Ɗora miƙaƙƙen katako a kanta ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu. Sannan ka ƙwanƙwasa wurin da guduma a hankali. In ka ji yana amsawa kamar ganga, ƙasan ya rarake ko saman daɓen ya saki. Idan tsagar ta wuce layin fensir, ko ta hau bango, ajiye cokali ka nemo injiniya, domin matsalar tana ƙasa. Masu gini a kan baƙar laka ta sassan Gombe, Adamawa da Borno su ƙara haƙuri har damina da rani su zagayo, don ƙasar kan kumbura da ruwa ta motse da rani.

In tsagar ta tsaya, sai gyara. Galibin masu aiki siminti suke yaɓawa a kai su tafi, bayan mako biyu ya ɓare. Buɗe bakin tsagar da cizil ko injin yankan tayil, zurfin kamar milimita 5, ka share ƙurar tas da buroshi. Jiƙa wurin, amma kada ruwa ya kwanta. Kwaɓa siminti kashi ɗaya da tankaɗaɗɗen yashi kashi biyu. In ka samu ruwan SBR a shagon kayan gini, zuba kaɗan, yana sa sabo ya kama tsoho. Dandanna shi ciki da bakin cokali, ka lailaye ya yi daidai da daɓe. Gam ɗin epoxy ya fi ƙarko, sai dai shi busasshen wuri yake so, kuma da tsada.

In da siminti ka yi facin, rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Launin facin ba zai zo ɗaya da na daɓen ba. In abin ya dame ka, jira kwana 28 kafin ka shafa fentin ƙasa ko ka sa tayil.